Kibiya Biyu Suna Kallon Baya

Litinin, 5 ga Mayu

Yau Mai gona ya kira mu ofis, ni da Yaya. Bai ce mu zauna ba. Ya ce kaji sun ragu, ƙwai ya ragu, mota biyu ta yi wa gonar yawa. Ƙarshen watan gobe zai sayar da ɗaya, direba ɗaya zai riƙe. Wanda zai riƙe kuwa bai yanke ba tukuna, wai zai ga yadda kowa zai yi da damina.

Yaya ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Mana? Ni da wa? Kujera ɗaya ce a gaban sitiyari.

Da muka fito ya dafa kafaɗata, wai kar in damu, Auta. Furfura ta fara fito min a gemu, ina da 'ya'ya, har yau Auta. A gonar ma ba wanda ya san ni da wani suna sai "ƙanin direba", kamar ni jaki nake korawa. Shi ya kawo ni aikin, na sani. An tuna min har na haddace.

Laraba, 7 ga Mayu

Na biya wajen Inna bayan aiki. Labari ya riga ni isa, dama Yaya ko tari ya yi sai ya kai mata rahoto. Ta ce, "Kai da sauran ƙarfinka, ko'ina ka je za a ɗauke ka. Yayanka fa, wa zai ɗauki mai shekarunsa?" Ba ta ce in janye ba, amma ai ta ce.

Tun muna yara haka abin yake. Sabon takalmi na Yaya ne, in ya suɗe ya zama nawa. Yanzu da na samu wanda ya yi min daidai, wai in cire in miƙa masa.

Matata ta ce in ban tsaya wa kaina ba, ita ba ta ga wanda zai tsaya mana ba. Wannan ce magana ta farko a bana da ta faɗa na yarda.

Asabar, 10 ga Mayu

Mai gona ya ce kowa ya zaɓi tayar da za a sa wa motarsa kafin ruwa ya sauka, ko wacce za a sayar ma gara mai saye ya gan ta da sabbin ƙafafu. Na gane nufinsa. Jarrabawa ce.

Hanyarmu iri biyu ce, shi ne ciwon kan. Daga gona zuwa bakin titi ƙasa ce, in an yi ruwa ta koma taɓo har gwiwa. Daga nan sai kwalta, ga gangara, ga kwanar nan ta kafin gada inda ruwa yake kwanciya. Tayar da ta iya taɓo ba ta iya jiƙaƙƙiyar kwalta, wadda ta iya kwalta kuma taɓo ya raina ta. A bayanka kuma ƙwai ne, ba buhun siminti ba.

Mun je rumfar Gaggawa mai faci, a daidai inda hanyar gona ta haɗu da titi. Direbobi sun cika benci, kowa ya zama malami. Wani mai tasi ya ce taya baƙa ce kawai, duk ɗaya, birki ne mota. Wani ya ce shi ƙamshinta yake shinshinawa, tsohuwar ajiya ba ta ƙamshi. Mai tifa ya ce a rage iska in an shiga taɓo, mai tasi ya ce a ƙara. Saura kaɗan su ba hammata iska a kan motar da ba tasu ba.

Ni na zaɓi masu manyan haƙora, na taɓo. Yaya ya daɗe yana shafa wata da tafin hannu kamar mai zaɓen rago. Zanenta kamar ƙashin kifi, a gefenta akwai 'yar kibiya. Ya ce wannan ta ruwan sama ce, in tana juyawa ta inda kibiyar ta nuna, zanen yana watsa ruwa gefe, tayar ta taka kwalta. "Taɓo dai a tura ka, Auta. Kwana kuwa ba a turawa."

Har da karin magana. To Allah ya ba mai rabo sa'a.

Talata, 13 ga Mayu

An sa tayoyin yau. Bari in rubuta yadda aka yi, don kar gobe in ce ba haka ba ne.

An fara da tawa, shuɗiyar, ba wata matsala. Sai aka zo kan farar motar Yaya. Ba banza ake ce wa mutumin nan Gaggawa ba. Waya a maƙale a kafaɗa yana faɗa da surukinsa, ya jera wili huɗu a ƙasa, ya ɗora musu taya duk fuska ɗaya, ya buga iska, ya ɗaure. To in ka yi haka, na ɓangare ɗaya za su yi daidai, na ɗaya ɓangaren kuma kibiyarsu baya za ta kalla. Maimakon zanen ya watsa ruwa waje, sai ya riƙa tattaro shi ƙarƙashin tayar. Yaya da kansa ya koya min wannan tun ina koyon tuƙi.

Biyun ɓangaren direba ne suka juya. Na gani tun kafin a sauke jak.

Yaya ya sunkuya yana ƙyafta ido. Na daɗe da sanin idonsa ya fara, waya ma sai ya miƙe hannu kamar mai ba wani kafin ya karanta. Tabarau kuwa ba zai saya ba, kar Mai gona ya gani. Daga nesa yana gani ras, na kusa ne ya gagare shi. Baƙar kibiya a kan baƙar taya, ina zai gan ta.

Ya miƙe ya ce a hankali, don kar na benci su ji, "Auta, duba min. Sun zauna daidai?"

Na zagaya motar. Har da tsugunawa.

Na ce, "Daidai suke, Yaya."

Ya ce madalla, ya saya min shayi.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba ni na ɗaura ba. Ina ruwana.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yaya ya zo gida da yamma, ya kawo wa yara lemo. Ya zauna a kujerata, wadda kowa ya san tawa ce. Ya ce yana ta tunanin tayoyina, masu manyan haƙora santsi suke yi a jiƙaƙƙiyar kwalta, in riƙa sauke giya tun daga saman gangara, kar in jira sai na isa kwana in taka birki.

Na ce na ji.

Ya ce shi ko wa Mai gona ya riƙe, aikin dai yana gida. Na tsani irin wannan magana. Mai cewa haka ya riga ya tabbata shi za a riƙe, shi ya sa alherin yake fito masa ba wahala. Da ya tafi matata ta ce, "Kai, yayanka mutumin kirki ne." Na ce to ki koma gidansa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ruwan farko. Hanyar gona ta zama kunu. Ni na wuce kamar a kan tabarma, Yaya kuwa ya kafe a bakin ƙofar gona, tayoyinsa na ƙashin kifi suna ta juyi a wuri ɗaya suna feshin laka. Na dawo da baya na ɗaura masa igiya. Ban ja ba sai da na tabbata Mai gona ya fito baranda.

Na leƙo ta taga na ce da ƙarfi, "Yaya, ko kifin naka bai iya iyo ba?" Masu kwashe ƙwai suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, laka har gira. Wannan dariyar tasa ita take ƙona min rai, mutum ba ya ko iya jin kunya yadda ya kamata.

Mai gona dai ya gani.

Litinin, 26 ga Mayu

Rana tsaf. Ko gajimare babu. Na kama kaina ina duban sama kamar manomi.

Juma'a, 30 ga Mayu

An yi ruwa jiya da shekaranjiya, ba mai yawa ba. Yaya ya tare ni wajen lodi, ya ce motarsa tana masa wani abu. In ta shiga ruwa sai ya ji ɓangarensa ya yi sakayau, kamar ba ya taɓa ƙasa. Ya kai wa makanike, an duba sitiyari, an duba birki, an ce lafiya lau.

Ya ce, "Me kake gani?"

Yana tsaye, tayar tana daidai gwiwarsa. Da ya miƙa hannu zai taɓa kibiyar.

Na ce, "Ba motar ba ce, Yaya, hannu ne ya fara tsufa."

Ya kalli hannayensa ya juya su. Bai yi dariya ba wannan karon. Na ɗan ji wani iri, amma kafin in kai titi ya wuce. Ba so nake wani abu ya same shi ba. 'Yar zamiya kawai, kiret ɗin ƙwai kaɗan su fashe, Mai gona ya gane wanda ya dace. Yaya da tafiyarsa ta kunkuru, me zai same shi?

Talata, 3 ga Yuni

Ya faru.

Ruwa tun safe kamar da bakin ƙwarya. Shi ya riga ni fita. Da na sauko gangara na hango mutane a kwana, na hango farar motar a cikin rami ta kwanta da gefe. Titi duk ya zama ruwan ɗorawa. Ƙwai, ƙwai, ruwa yana jan ɓawo zuwa ƙarƙashin gada, ga ƙarni.

Yana zaune a bakin titi cikin ruwa, ya riƙe hannun dama da na hagu. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Da ya gan ni ya ce, "Auta, wallahi a hankali nake tafe. Sitiyarin ne ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba."

Kafin in duba shi, tayoyin na duba. Laka ta rufe gefensu ruf, ba a ganin komai. Sai a sannan na cire rigata na lulluɓa masa.

Ni na kai shi asibiti. A hanya yana ta tambayar ƙwan mutane.

Laraba, 4 ga Yuni

Karaya biyu a hannu ɗaya. Likita ya ce zai warke, amma sitiyari sai bayan watanni, in ma hannun ya koma yadda yake. Matarsa tana kuka, Inna tana ta sa min albarka wai na ɗauko ɗan'uwana cikin ruwa.

Mai gona ya zo dubiya. Da zai tafi ya ja ni gefe a barandar asibitin. Ya ce sabbin tayoyi, Yaya ne ya zaɓa da kansa, makanike ya ce motar lafiya, to me ya faru? Sai ya rage murya. "Tsakaninka da Allah, yayanka yana gani sosai kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, yayana ne. Kar ka sa ni magana."

Ya gyaɗa kai. Ban yi ƙarya ba. Ko harafi ɗaya.

Litinin, 9 ga Yuni

Ni aka riƙe. Bai ma jira ƙarshen wata ba.

Na ɗauka zan yi tsalle. Na sayi nama na kai gida, yara suka ci. Ni ko taɓawa ban yi ba, ina jin ruwan da ya dake ni ne ranar.

Asabar, 14 ga Yuni

Yaya ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a tsakar gida, hannu a rataye a wuya, matarsa tana ba shi abinci a baki kamar yaro. Ya ce barka. Ya ce ya faɗa, aikin yana gida. Ya sa aka ɗauko min ma'auninsa na iskar taya, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ce yanzu ni ne mai bukata.

Ya ce ya yi ta tunani, gaskiyata ce, hannu ne ya tsufa, ido ma haka. "Gara da ya zo a kan ƙwai, bai zo a kan ɗan wani ba."

Na ce haka ne. Me zan ce? Mutum ya yanke wa kansa hukunci, ni ne zan ɗaukaka masa ƙara?

Inna ta ce in riƙa leƙa su da ɗan abin cefane. An fara.

Alhamis, 19 ga Yuni

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Na sha jin wannan a bakin tsofaffi, ban taɓa tunanin da mota za a kawo min shi har gona ba.

Na isa da safe ban ga shuɗiyata ba. Mai gona ya sayar da ita jiya da yamma. Farar ce a tsaye, an dawo da ita daga wajen mai gyaran jiki, an miƙe gefen, an yi fenti, har an yi mata lodi. Ya ce ita ce ta fi sabunta, tayoyinta ma ko ƙwarzane ba su yi ba. Ya miƙo min makulli. Ba wanda ya taɓa tayoyin, wa zai taɓa sabuwar taya?

Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kafin in fita ƙofa ya ɓarke.

Na yi niyyar in kai ta wani wuri can cikin gari inda ba a san ni ba, a juya su shiru. Amma kafin gari akwai gangara, akwai kwana. Rumfa ɗaya ce tsakanina da kwanar, ta Gaggawa. Na tsaya a bakin titi, waifa tana ta kai da kawowa, ina ganin ruwa yana gudu a kan kwalta. Na ce zan bi a hankali. Sai na tuna Yaya ma a hankali yake tafe. Ƙafata ta ƙi sakin birki.

Na karya kan motar na shiga gaban rumfar. Ban ko sauka ba. Na zuge gilashi na ƙwala masa kira, "Gaggawa! Cire min biyun nan na ɓangarena ka juya su, a juye ka ɗaura su tun farko!"

Ya fito da buhu a ka. Ya tsuguna. Tayoyin sun sha taɓon hanyar gona, sai da ya sa hannu ya kankare lakar kafin ya samu kibiyar. Ya ce, "Kai! Wallahi gaskiya ne." Sai ya ɗago ya kalle ni. "To kai ya aka yi ka gani daga cikin mota? Ni da nake tsugune ma sai da na tona."

Ban san Yaya yana wurin ba. Ashe tun da aka sallame shi nan yake zuwa da safe, zaman gida ya gagare shi. Yana can ƙarshen benci bayan tarin tsofaffin tayoyi. Na ga mutane suna matsawa, sai ga shi ya fito cikin ruwan, hannu a wuya. Ya durƙusa a gaban tayar gaba. Bai duba da ido ba. Ya sa yatsun hannun hagu ya bi kibiyar daga gindi har tsini. Ya matsa ta baya, ita ma ya shafa.

Na benci duk suna kallo. 

Ya miƙe da ƙyar. Fuskarsa tana daidai tagata, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ya ce, "Na ce ka duba min."

Shi ke nan. Ina jira ya zage ni, na ma shirya amsa, ina da amsoshi tun na takalmi. Bai ba ni dama ba. Ya juya wajen Gaggawa ya ce, "Ɗaure masa notin da kyau, yana da 'ya'ya."

Ya tsaya a cikin ruwan har aka cire su, aka juya, aka mayar. Da aka sauke jak ya ja da baya ya ba ni hanya. Ya ce, "Sauka lafiya, direba."

Motar ta bi kwanar kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Tayoyi ne masu kyau. Ya iya zaɓe.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ina jiran kiran Inna. Ko na Mai gona. Waya shiru.

Lahadi, 22 ga Yuni

Bai faɗa wa kowa ba. Na je gaida Inna na same shi a can, ta ce ga 'ya'yana biyu sun haɗu, ta sa aka kawo mana abinci a kwano ɗaya. Ya ci da hagu, a hankali, daga gefensa. Ya tambayi yara, ya tambayi hanya. "Ya aiki, direba?" Inna ta yi dariya wai yau an ƙara wa Auta girma.

Direbobin benci ma ba su kai maganar ko'ina ba, ko shi ya hana su, ban sani ba. In na wuce dai ba mai ɗaga min hannu.

Da ya tona ni da na huta. Wannan ai mugunta ce, ya bar ni da abin ni kaɗai. Kuma a ce shi ne mutumin kirki.

Laraba, 2 ga Yuli

Aiki lafiya. Ko ƙwai ɗaya bai fashe min ba. A gona yanzu kowa direba yake ce min, har Mai gona.

Wata ɗabi'a ce ta kama ni, ban san daga ina ba. In na ga mota a tsaye sai idona ya tafi gefen taya. Yau a gaban kantin da nake sauke kaya na ga wata ƙaramar mota, ta baya ɗaya kibiyarta a juye. Na gama saukewa, na ce tafiya zan yi. Sai ga ni a tsaye ina jiran mai ita. Da ya fito na nuna masa, na yi masa bayanin ruwa da zane. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ina ruwanka?" Ya ja motarsa. Na bi shi da gudu har bakin titi ina buga masa gilashi, mutane suna kallona.

Gajiya ce, ina jin. Ma'aunin iskar yana nan cikin aljihun mota, ban taɓa shi ba, kuma ban iya mayarwa ba.

Da zan shiga mota wata mata ta ƙwala kira daga tsallaken titi, "Auta!" Na amsa kafin in waiwaya. Ɗanta take kira.